LISSAFIN MAI KAFIN JIRGI YA BAR GAƁA

Wannan jawabi an shirya shi ne domin masunta da ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na Madarunfa. Malamai su karanta shi sannu a hankali, a yi lissafin da ke ciki a kan allo.

 

Maganar yau a kan mai ce. Ba man gyaɗa ba, ba man shanu ba. Esansi ake nufi, wato man fetur, wanda ake zuba wa injin jirgin ruwa.

Wani zai ce: "Ina ruwan Madarunfa da injin jirgi?" Ta wani gefe yana da gaskiya. Tabkin Madarunfa shi ne babban ruwan jihar Maraɗi. Amma ko da ya cika da damina, bayan Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi sun kawo ruwa, faɗinsa wajen hekta 800 ne. Duk inda masunci yake a cikinsa yana hangen gaɓa. Filafili da gwangwala sun ishe shi. In ya gaji ya huta, in ya huta ya ci gaba, kafin magariba yana gida.

Sai dai masunci ba ya zama wuri ɗaya. In ruwa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, saurayi ya kan naɗe komarsa ya tafi cin rani. Da daɗewa Hausawa masunta suna bin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, daga Yamai zuwa Gaya, har Yawuri da Kainji a Najeriya. Wasu kuma gabas suke yi, wajen Difa da Boso da Ngigmi, zuwa tabkin Cadi. Can ruwa ba irin na nan ba ne. Daga Yamai zuwa Gaya kusan kilomita 300 ne. Tabkin Cadi kuwa, a shekarun 1960 faɗinsa ya kai hekta miliyan 2 da rabi. Farin 1973 da na 1984 sun rage shi ƙwarai, amma abin da ya saura ya ishi mutum ya ɓace a ciki. A waɗannan wurare da inji ake tafiya mai nisa. Saurayin da ya je can, ko dai ya zama yaron jirgi, ko wata rana ya tara kuɗi ya sayi nasa injin. Ranar da aka miƙa masa jarka aka ce ya sayo mai, lita nawa zai sayo?

Wanda mai ya ƙare masa a kan babur, sai ya sauka ya tura. Wanda mai ya ƙare masa a tsakiyar kogi ba ya sauka. Jirgin katako mai ɗauke da buhunan banda da mutum goma, filafili biyu ba su iya haurawa da shi gaba da ruwa. Ruwa ne zai ja shi ya mai da shi baya. Dare ya yi, ga sauro, ga dorina a wasu wurare, ga ɗanyen kifi yana ruɓewa. In hadari ya taso ya sami jirgi ba inji, igiyar ruwa sai ta buge shi ta gefe, shi ke nan ruwa ya shiga.

INJI BAI SAN KILOMITA BA

Mai mota yana lissafi da kilomita. A bakin hanya akwai duwatsu masu lamba, a garuruwa akwai gidan mai. A kan ruwa babu ko ɗaya. Kuma injin jirgi bai san nisa ba, lokaci ya sani. In ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha man awa ɗaya, ko jirgi ya ci kilomita 15, ko ya ci 5, ko yana nan tsaye cikin kainuwa yana fama.

Saboda haka tambaya biyu ce gaban direba. Injina lita nawa yake sha a awa? Tafiyar nan awa nawa za ta ci?

Ga tambaya ta farko akwai ƙiyasin da makanikai suka sani. Ƙarfin inji da doki ake faɗinsa, kuma lambar tana rubuce a jikin murfinsa: 8, 15, 25, 40. Injin da ake gauraya wa esansi da man inji, irin su Yamaha Enduro da suka yi yawa a kogi, in an ba shi wuta har ƙarshe, kowane doki yana shan kusan rabin lita a awa. Mai doki 8 ke nan lita 4. Mai doki 15, lita 7 zuwa 8. Mai doki 40, lita 20 a awa guda, jarka cur. Akwai wani irin inji wanda ba a gauraya masa mai, shi yana da nasa wurin zuba man inji daban kamar mota. Wannan bai kai wancan sha ba, amma ya fi shi tsada da nauyi.

Wannan ƙiyasi na cikakkiyar wuta ne. Direban kirki ba ya tafiya haka. Jirgin katako mai nauyi yana da gudun da ba ya wucewa. In ya kai wannan gudu, aka ƙara masa wuta, sai gindinsa ya nutse, kansa ya ɗaga, ya riƙa tura tulin ruwa a gabansa. Ƙara ta yi yawa, gudu bai ƙaru ba sai kaɗan. Man da aka ƙara, wajen tada igiyar ruwa ya tafi. In an sassauta hannu zuwa kashi uku cikin huɗu, gudu zai ragu kaɗan, shan mai kuwa ya ragu sosai. Samari ne suka fi wannan laifi, musamman in za a bar gaɓa ana kallonsu.

KOWA YA AUNA NASA

Ƙiyasin makanike na sabon inji ne. Inji kuwa kamar jaki yake: biyu masu shekaru ɗaya, cinsu ba ɗaya ba. Wanda ya tsufa, wanda bujinsa ya yi baƙi, wanda farfelarsa ta daki dutse ta lanƙwashe, duk sun fi shan mai. Jirgin da gansakuka ta kama cikinsa, ko wanda yake yoyo ruwa ya taru a ciki, shi ma yana ƙara wa inji aiki. Don haka kowa ya auna nasa.

Awon ba wuya. A ajiye tanki wuri mai daidai, a cika shi har wata alama. A ɗora wa jirgi irin kayan da ya saba ɗauka, kada a auna shi wayam. A duba agogo ko salula, a tashi. A yi tafiyar awa ɗaya cif da irin wutar da aka saba. A tsaya, a kashe inji. Sai a ɗauko kwalbar lita a riƙa zubawa ana ƙirgawa, har mai ya komo kan alamar nan. Kwalba nawa aka zuba? Shi ne abin da inji ke sha a awa. In awa ta yi yawa, a yi rabin awa, a ninka biyu.

A lura da kwalbar. Ba kowace kwalbar bakin hanya ce lita cikakka ba. A sami wadda aka tabbatar, a ajiye ta don wannan aiki kawai.

Sa'an nan a rubuta. A nan karatu yake da rana. Kaye ɗaya ya isa: ranar tafiya, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa, kaya nawa, lita nawa. A sa shi cikin leda don jiƙa. Bayan tafiya biyar ko shida, kayen nan ya fi kowane makanike sanin injin. Wanda bai iya rubutu ba a ka yake riƙewa, kai kuwa ya kan tuna tafiyar da ta yi daɗi, ya manta wadda aka sha wuya.

Masu garaka a bakin Gulbi, wannan awo nasu ne su ma. Injin ban ruwa da awa yake shan mai. Wanda ya san awa nawa fagensa ke ci kafin ya ƙoshi, ya san lita nawa zai saya a mako.

ZUWA DA DAWOWA BA ƊAYA BA NE

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ke ka da mutane.

A ɗauki misali. Wani direba yana da inji mai doki 15. Ya auna shi, ya ga yana shan lita 5 a awa in an sassauta hannu. Jirginsa a ruwa kwance yana cin kilomita 12 a awa. Zai kai kaya wata kasuwa da ke gangaren kogi, nisan kilomita 45. Ruwan kogi a lokacin yana gudun kilomita 3 a awa.

A zuwa, ruwa yana taimakonsa. Gudun jirgi 12, a ƙara gudun ruwa 3, ya zama 15. Kilomita 45 a raba da 15: awa 3. Awa 3 sau lita 5: lita 15.

Ya isa kasuwa lafiya, ya sauke kaya. Ya duba tanki, ya ce: "Lita 15 na sha a zuwa. Hanya ɗaya ce, nisa ɗaya ne. Lita 15 za su mai da ni gida." Ya tashi da lita 15.

A dawowa ruwa yana gaba da shi. Gudun jirgi 12, a ɗebe gudun ruwa 3, saura 9. Kilomita 45 a raba da 9: awa 5. Awa 5 sau lita 5: lita 25.

To, lita 15 ɗinsa awa nawa za su yi? Awa 3. A awa 3, da gudun kilomita 9, ya ci kilomita 27. Nan inji zai yi tari ya mutu. Tsakaninsa da gida saura kilomita 18, kuma ruwa yana jan sa baya zuwa inda ya fito. Bai yi sakaci da inji ba, ba a sace masa mai ba. Da nisa ya yi lissafi.

Lissafin daidai shi ne: zuwa lita 15, dawowa lita 25, jimla lita 40.

Kogi kuma ba gudu ɗaya yake yi duk shekara ba. A Yamai sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba. Akwai kuma wanda ke zuwa daga ƙasar Gine, ya iso da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin nan haurawa tana cin mai. Wajen Mayu da Yuni kuwa ruwa ya yi ƙasa. A 1985 har ya daina gudu a Yamai. In ruwa ya yi ƙasa gudunsa ya ragu, amma sai yashi da duwatsu su fito, jirgi ya riƙa kewaye yana neman zurfi, hanya ta ƙara tsawo. Awan da aka rubuta a kaye da rani ba su ne na damina ba. Shi ya sa ake rubuta ranar.

A tabkin Cadi babu gudun ruwa irin na kogi, amma akwai nasa. Ruwan ba zurfi, tsibirai da ciyayi sun cika shi. Jirgi yana bin ƴan hanyoyi ne masu lanƙwasa tsakanin ciyawa. Hanyar da aka bi bara, bana ta toshe. Ciyawa ta naɗe farfela, a tsaya a kwance, a sake tashi. Baƙo a can kada ya tambayi nisa. Ya tambayi direbobin wurin: "Awa nawa kuke yi, da wane inji, da kaya ko wayam?" Ya tambayi mutum biyu ko uku, ya ɗauki amsar da ta fi tsawo.

Sai iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. In tana bayan jirgi alheri ce. Wasu masunta har buhunna suke ɗinkawa su ɗaura a sanda, iska ta tura su, inji ya huta. A teku ma akwai jiragen da iska ce ke tafiyar da su, da manyan ƙyallaye. Duk da haka suna ɗauke da ƙaramin inji don ranar da iska ta kwanta, kuma matuƙansu da awa suke lissafin mai. Masu hankali a cikinsu ba sa sa iska cikin lissafi. Suna ɗaukar mai kamar ba za ta zo ba. In ta zo, riba ce. Haka ya kamata mai buhu ya yi.

KASHI UKU

Lita 40 ɗin direban nan na ranar da komai ya tafi daidai ne. Ranar da iska ta tare gaba fa? Ranar da aka ɓata hanya, ko aka ƙara fasinja, ko aka tarar da wani jirgi ya lalace, dole a ja shi?

Matuƙan jiragen ruwa a ƙasashe da yawa suna bin ƙa'ida guda: a raba mai kashi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. A kogi zuwa da dawowa ba su daidaita, don haka sai a haɗa su. Su ne kashi biyu. Na ukun rabinsu ne. Rabin 40 shi ne 20. Direban nan da lita 60 zai tashi: jarka 3 masu lita 20.

Man ajiya ba a tanki yake zama ba. A jarkarsa daban yake, a rufe, da alama a jiki. Ranar da aka kai ga buɗe ta, tafiya ta canza ke nan. Ba a ƙara cewa "bari mu leƙa can". Gaɓa mafi kusa da ake sayar da mai ake nema.

Wani zai ce: "Ai a kasuwar can ma ana sayarwa, me ya sa zan yi dakon mai?" In ya tabbata akwai, to. Amma tabbas ɗin ya yi wuya. Shekaru da yawa garuruwan bakin iyaka da man Najeriya mai araha suka dogara. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, farashi ya hau, wannan hanya ta ragu. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ita aka koma wa. A watan Maris na 2025 aka yi ƙarancin esansi a ƙasa, kowa ya ga layi a gidajen mai. In birni ya rasa, tsibiri ba a magana. Kuma man da ake samu can cikin ruwa ya fi na gidan mai tsada, don shi ma dakonsa aka yi.

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. A ce dala 100 don sauƙin lissafi. Lita 60 ke nan jika 30. Kuɗi ne masu yawa. Amma jika 10 na ajiya ba su ɓata ba. In an dawo da jarkar a rufe, ita za a fara zubawa a tafiya ta gaba, a sayi sabon mai a ajiye a madadinta. Kada a bar jarka ɗaya ta yi watanni, don esansin da ya daɗe yana lalacewa.

Mai niyyar Difa ya ƙara sanin wannan. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, hukuma ta sa dokar ta-ɓaci, ta kwashe mutane daga tsibirai, ta hana su a tabkin na wasu shekaru, ta kuma sa ido a kan sayen mai cikin jarka. Kafin mutum ya loda jarkoki a wannan yanki, ko wani wuri mai fama da rashin tsaro, ya je wurin hukuma da sarkin ruwan wurin ya ji abin da doka ta yarda a lokacin.

JARKA DA WUTA

Injin da ake gauraya wa mai, in ba man inji a ciki, ƙonewa zai yi. Awon da aka fi sani shi ne 1 cikin 50: lita 25 na esansi, rabin lita na man inji. Sabon inji ana ninka masa a awannin farko. A duba takardar da ta zo da shi. Lita 60 suna son lita 1 da ɗan ƙari, don haka a sayi lita ɗaya da rabi. A gauraya tun a gaɓa, a girgiza sosai. Tsakiyar ruwa, jirgi yana rawa, ba wurin awo ba ne.

Man kwalba a duba shi kafin a biya. A zuba kaɗan cikin farar kwalba, a bar shi ya natsu. In da ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa, don ya fi esansi nauyi. In za a juye cikin tanki a sa mazurari da tsumma mai tsabta. Lita 60 masu datti daidai suke da babu.

Kada a cika jarka har baki. Esansi yana kumbura da zafi. A bar masa wurin yatsa uku, a rufe da kyau, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. A ɗaure jarkoki kada su gangara. Nauyinsu ma kaya ne: lita 60 sun kai kilo 45, kusan buhun taki. Mai jirgi ya rage buhu ɗaya daga lodi, kada ya rage jarka. Na ƙasan tanki kuma ba a sa shi cikin lissafi, don in jirgi yana tangaɗi tiyo sai ya zuƙi iska, inji ya mutu alhali da sauran mai.

Tururin esansi ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, cikin jirgi yake kwanciya, wajen ƙafafun mutane. Murhun shayi da ashana da taba, duk su jira gaɓa. In za a ƙara mai a kashe inji tukuna. In wuta ta kama, kada a watsa mata ruwa, don esansi bisa ruwa yake hawa, wutar ta bazu. A danne ta da jiƙaƙƙen buhu ko yashi. Filafili biyu, gwangwala, igiya da abin kwalfar ruwa kuwa, ba sa fita daga jirgi ko da injin jiya aka saye shi.

AIKIN ALLO

Ga lissafin da kowane ɗalibi zai yi a kayensa. Wani direba yana da inji mai doki 25. Ya auna shi, yana shan lita 10 a awa. Zuwa awa 2 ne, dawowa awa 3. Lita nawa tafiyar za ta ci? Lita nawa ne na ajiya? Jarka nawa masu lita 25 zai cika? Man inji nawa zai gauraya? In lita dala 100 ce, jika nawa zai biya?

A kawo wa malami amsa ran karatu mai zuwa.